Cikin da Ba a Shirya Ba, da Yardar da Littattafanmu Ke Sayarwa da Araha

Akwai wani reshe na littattafan soyayya da ya yi ƙarfi a Amurka da Kanada da Ingila, wanda kusan kullum labarinsa a ƙaramin gari yake faruwa. Gari mai babban titi ɗaya, likita ɗaya, kowa ya san kakan kowa. Mace ce ke dawowa gida bayan birni ya gasa mata aya a hannu, sai ta wayi gari uwa ba tare da ta shirya ba. Wani lokaci ciki ne ya ɓullo bayan mai shi ya cika wandonsa da iska, wani lokaci 'yar'uwarta ce ta rasu ta bar mata jinjiri, wani lokaci kuma jaririn aka ajiye a bakin ƙofa aka gudu. Daga nan sai wani namiji ya shigo, sauran littafin kuma ya tafi a kan tambaya ɗaya: yaya macen da aka ci amanarta za ta sake yarda da wani? Kamfanonin ɗab'i irin su Mills & Boon na Landan, wanda ya faro tun 1908, da Harlequin da aka kafa a Kanada a 1949, sun daɗe suna cin kasuwar soyayya, kuma wannan salon na cikin hajarsu mai tafiya. Yayyenmu da iyayenmu da suka yi makarantar kwana a shekarun 1970 da 1980 sun san ƙananan littattafan Mills & Boon, ana karɓa-karɓa a ɗakin kwana, ana ɓoye su ƙarƙashin katifa.

Ba zan ce rayuwar da ke cikin waɗannan littattafai tamu ce ba. Akwai zaman da suke ɗauka ba komai ba wanda addininmu da tarbiyyarmu ba su yarda da shi ba. Amma akwai abu ɗaya da masu kyau daga cikinsu suka riƙe, wanda nake ganin marubutanmu na yanzu da dama sun saki. A wurinsu yarda tana cin lokaci. Namijin sai ya sha wuya kafin ya same ta. Zai gyara rufin da ke yoyo, zai kai yaro asibiti cikin dare, za a kore shi ya tafi ba tare da ya ɗaga murya ba, ya dawo gobe da abin da ya yi alkawari. Kuma mafi yawan lokaci ba shi ne wanda ya cuce ta ba.

To mu juyo gida. Duk mai bin littattafan Hausa da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da manhajojin karatu, ko mai sauraron waɗanda ake karantawa a YouTube, ya san cikin ba-zata ya zama jari. Labarin ya saba tafiya kamar haka. Yarinya ce 'yar talakawa, mai aiki ko mai talla ko marainiya a hannun kishiyar uwa. Wani matashin mai kuɗi, miskili, wanda ba ya dariya, ya afka mata a daren da aka sa masa wani abu a lemo, ko yana cikin maye, ko yana cikin fushi. Ciki ya shiga. Aka kore ta daga gida. Ta sha baƙar wuya. Bayan shekaru sai ya ga yaro mai kama da shi sak, hankalinsa ya tashi, ya yi kuka, ya kwanta asibiti da ciwon zuciya. Kowa ya taru a kanta, daga Hajiyarsa har iyayenta da suka kore ta, ana cewa ta yi haƙuri, ƙaddara ce, ta dubi yaron nan. Ta ɗan ja aji na shafuka kaɗan. Sai lefe akwati goma sha biyu, sai jirgi zuwa Dubai. A ƙasan shafin kuma masu karatu na ta rubuta cewa wallahi ya ba su tausayi, ta daina wahalar da shi haka.

Wannan tausayin da ya koma kan mai laifi shi ne abin da ke damuna. Mu kira abin da sunansa: fyaɗe aka yi mata. Littafin ya ɗauki mafi munin abin da za a yi wa mace ya mai da shi ƙofar arziki, ya kuma koya wa yarinya 'yar shekara goma sha shida da ke karantawa a wayar yayarta cewa idan mai cutar da ke kyakkyawa ne kuma mai kuɗi, to ƙarshen abin aure ne da jin daɗi. Ya koya mata cewa ƙin yafewa taurin kai ne. Ya koya wa namijin da ke leƙawa, don maza ma suna karantawa ko da ba sa faɗa, cewa hawaye da kyautar mota suna wanke komai.

Na san amsar da marubuta ke bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa abin da ke faruwa suke rubutawa. Gaskiya ne akwai gidajen da idan abu ya faru, manya ke zama a zaure a kashe wutar, a ɗaura aure da gaggawa don rufin asiri, yarinyar ba a ko tambaye ta ba. Amma nuna abu daban, ƙawata shi daban. Marubuciyar da ta nuna mana wannan auren, ta bi yarinyar zuwa ɗakin, ta nuna yadda jikinta ke rawa idan ta ji takunsa, ta faɗi gaskiya. Wadda ta sa mata son shi a shafi na arba'in, ta yi mata ƙarya, ta yi mana.

Kuma a daina fakewa da addini a nan, domin addinin bai ce haka ba. A cikin Muwaɗɗa, littafin da malamanmu ke karantarwa a zaure tun kaka da kakanni, Imamu Malik ya kawo hukuncin macen da aka tilasta: babu uƙuba a kanta, haddi na kan wanda ya tilasta ta, kuma zai biya ta sadakin irinta. Ba a ce a ba shi ita ba. Tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, ƙofarta a buɗe take ga kowa, amma haƙƙin wanda aka zalunta yana hannun mai shi. In ta yafe, alheri ta yi. In ta yafe ta ce amma ba za ta zauna da shi ba, ba ta yi laifin komai ba. Yafiya da yarda ba abu ɗaya ba ne, kuma littattafanmu sun cakuɗa su har mai karatu ba ya iya rabewa. A 2020, bayan koke-koken fyaɗe sun yi yawa, gwamnonin Najeriya sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, jihar Kaduna ma ta tsaurara dokarta har da dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramin yaro. Abin takaici ne a ce doka na tafiya gaba, labaran da 'yan mata ke kwana da su suna ja da baya.

Sai dai ina rabuwa da masu cewa maganin abin a hana taɓa zancen gaba ɗaya. Mun gwada wannan hanyar. A 2007, lokacin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a Kano, daga baya kuma hukumar tace fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta matsa wa marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu. Me ya biyo baya? Ba a daɗe ba waya ta shigo hannun kowa, rubutun ya bar takarda ya koma inda babu mai tacewa, babu edita, babu ma sunan gaskiya. Littafin da a da sai an je shagon haya an karɓo shi a idon mutane, yanzu yana shigowa har cikin bargo da 'yan ɗaruruwan naira. Wanda ya ƙona littafi bai ƙona ƙishirwar da ta sa aka neme shi ba.

Ƙishirwar kuwa ta gaskiya ce. Mata suna karanta labarin cikin ba-zata ne saboda tsoro ne da suke rayuwa da shi, ko a kansu, ko a kan ƙanwa, ko a kan 'ya. Kuma adabinmu na zamani tun asali da irin wannan ƙarfin hali ya tashi. Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda littafinta ya fito a 1980, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sun rubuta auren dole da saki da wulaƙancin gidan miji a lokacin da ake ganin bai kamata mace ta buɗe baki ba. An zarge su, amma abin da suka rubuta ya tsaya domin mata sun ga kansu a ciki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata zalla, ta sake nuna cewa idan aka ce wa matanmu su rubuta abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, ba labarin jirgi da gwala-gwalai suke kawowa ba. Gudun hijira suke kawowa, da fyaɗe, da maraici, da zawarci. Ashe iyawar tana nan. Kasuwa ce ke jan alƙalami zuwa wani wajen.

Abin da na fi jin rashinsa a littattafan yanzu shi ne garin kansa. Marubutanmu sun kwashe kowa sun kai Maitama da Nasarawa GRA, gidaje masu get da maigadi, inda ba maƙwabcin da ke jin tarin wani. Alhali labarin uwar da ba ta shirya ba, a ƙaramin gari yake da nauyi. A Turai marubuci na ɗaukar ƙaramin gari a matsayin mafaka, wurin da mutane za su kawo miya da kayan jarirai. Namu garin fuska biyu gare shi, kuma wannan ne ya sa ya fi nasu daɗin labari. Garin da zai yi da ke a bakin rijiya da gidan biki da majalisar bakin kasuwa, har maganar ta riga ki isa gidan kakarki, shi ne kuma garin da wata tsohuwa za ta buɗe miki ɗakinta ta ce duk mai magana ya zo ya same ta. A gari irin Ɗanja ko Gumel ko Matamaye ba a ɓacewa. Mai kemis ya san abin da kika saya, ungozoma ta gane tafiyarki tun kafin uwarki ta gane.

Ku dubi abin da marubuci zai samu in ya tsaya a nan. Ranar awo, yarinya ta sa dogon hijabi ta zauna a ƙarshen benci. Ma'aikaciya ta ɗaga kati ba ta ko dube ta ba, ta ce, "Sunan miji?" Benci ya yi tsit. Ko ranar kwana bakwai, gida ba rago, ba maroƙi, ba 'yan barka, kakan yaron ya fita masallaci tun asuba bai dawo ba don kada a haɗa ido, sai wani ƙanen uwa ya ɗauki jaririn ya yi masa huɗuba a hankali a cikin ɗaki. Waɗannan abubuwa biyu kaɗai sun fi akwati goma sha biyu taɓa zuciya, kuma ba sai an je Dubai ba.

Tarihinmu na kusa ma ya nuna mana yadda abin yake idan ya fita daga littafi. Safiya Husaini ta Tungar Tudu a jihar Sakkwato, da Amina Lawal ta Kurami a jihar Katsina, dukansu matan karkara ne, zawarawa, da haihuwa ta kai su gaban alƙali. An yanke musu hukuncin jefewa, kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci suka soke, ta Safiya a 2002, ta Amina a 2003. A duka shari'un biyu mazan da aka ambata sun fita tun da wuri saboda babu shaidu. Ba hukuncin nake son tattaunawa ba, malamai da lauyoyi sun yi wannan. Abin lura shi ne ciki a jikin mace yake fitowa, namiji kuwa yana iya sa hularsa ya tafi kasuwa. Duk labarin da zai taɓa wannan batu bai fara daga wannan rashin daidaiton ba, bai san inda ciwon yake ba. Shi ya sa Alƙur'ani ya tsaurara a kan bakin mutane, ya sa bulala tamanin ga wanda ya yi wa mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Wannan ayar ta Suratun Nur da 'yan majalisar bakin titi take magana, amma da wuya ka ga littafin da ya juya fitilarsa ya haska su.

Sannan uwa ba shiri ba sai ta hanyar abin kunya ba, kuma nan ne marubutanmu suka bar gona mai faɗi ba noma. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwar a duniya, kuma kowa ya san Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Da yawa daga cikinsu sun bar jariri da rai. Wa ke ɗauka? Kaka, ko goggo, ko ƙanwar mamaciyar da ba ta gama sakandare ba. A unguwarmu an yi wata da yayarta ta rasu kwana biyu da haihuwa, aka miƙo mata jaririya a zanin da aka naɗo ta daga asibiti, tana da shekara goma sha tara, ana saura 'yan watanni bikinta. Ta koyi dama madara da dafa bulumboti, ta koyi bambanta kukan yunwa da na ciwon ciki. Saurayin ya ce shi ba zai fara aure da goyo ba. Dangi kuma suka fara raɗe-raɗin a mayar da ita ɗakin yayarta, wai don kada yarinya ta tashi a hannun bare. Ta ƙi, aka ce ba ta da tausayi, ita da ke kwana a zaune da 'yar. Wanda ta aura daga baya malamin firamare ne, kuma abin da ya sa ta amince da shi, kamar yadda ta faɗa da bakinta, shi ne bai taɓa zuwa zance ya ce a kai yarinyar cikin gida ba. Yakan zauna a kan tabarma 'yar na hawa kafaɗarsa tana cire masa hula, yana ci gaba da maganarsa. Da aka zo maganar aure, shi ya fara cewa da 'yarsa za a kawo amarya, tun kafin kowa ya tambaya.

Irin wannan namijin nake nema a littattafanmu, ba na samu sai jefi-jefi. Wataƙila don ba shi da jirgi. Amma shi ne jarumin gaske na labarin yarda, domin Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Macen da aka yaudara, ko aka saka da ciki, ko aka guje ta saboda goyo, ba kalamai take saurare ba, ta ji irinsu a bakin wanda ya gudu. Tana kallon ko zai zo ranar da ya ce, ko zai faɗa wa mahaifiyarsa gaskiya tun farko ko zai ɓoye sai an tare, ko fuskarsa na canjawa idan yaron ya yi ɓarna, ko yana tsayawa idan ta ce a'a. Wannan gwajin a hankali yake tafiya, kuma marubucin da ya iya zai riƙe mai karatu da shi shafi ɗari biyu ba tare da ya sa kowa ya sha ƙwaya a lemo ba. Akwai kishiya a ciki, akwai uwar miji mai cewa ɗanta saurayi ba zai auri mai ɗa ba, akwai tsohon miji da zai dawo karɓar yaro da zarar ya ji an sa rana. Rikici bai ƙare mana ba, balle a ce dole sai an aro na banza.

Wasu za su ce ai littafin soyayya mafarki ne, mutane na karantawa ne don su huta da talauci da zafin rana, a bar su su yi mafarkin mai kuɗi. Ban ƙi ba. Ni ma ina son labari ya ƙare da daɗi, kuma macen da ta wuni a kan murhu tana da haƙƙin ta karanta abin da zai sanyaya mata rai. A ba ta attajirin, a ba ta lefen. Abin da na ƙi shi ne a ce hanyar zuwa wurin ta bi ta kan mutuncinta, sannan a ce mata ta gode. Mafarkin da ya fi dacewa a sayar wa yarinya shi ne na mutumin da ya san abin da ya same ta, bai ƙyamace ta ba, bai kuma yi mata gori ba ko sau ɗaya bayan an yi auren. Wannan ma mafarki ne babba a garuruwanmu, don samunsa ba sauƙi.

Sai yaron, wanda kusan kullum marubuta ke mai da shi kayan aiki. A littafi kyakkyawa ne, mai wayo, aikinsa kawai ya yi kama da ubansa don a gane shi a kanti. Da an ɗaura aure shi ke nan, matsalarsa ta ƙare. A zahiri ba ta ƙarewa. Agola sunansa a gidan mijin uwarsa, in kuma ba ta hanyar aure aka same shi ba, akwai wata kalmar da ta fi wannan muni da yara za su jefe shi da ita a makarantar allo tun bai san ma'anarta ba. Auren da aka ɗaura bayan an haife shi ba ya canja hukuncin nasaba da gado a fiƙihun da kotunanmu ke bi, kuma marubuciyar da ta nuna kamar yana canjawa ta ruɗi masu karatunta a kan abin da zai iya kai su gaban alƙali. Akwai ranar da za a tambaye shi sunan uba a takardar makaranta, akwai ranar da zai je neman aure a ce a kawo dangin uba. Alƙur'ani ya faɗa ba sau ɗaya ba cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, malamai kuma sun ce ɗaukar jaririn da aka yar farilla ce a kan al'umma, in wasu suka yi sun ɗauke wa saura. Duk da haka gidan marayu na Nasarawa a Kano da ire-irensa na karɓar jariran da aka tsinta a kwata da kango, waɗanda tsoron bakin mutane ya sa iyayensu mata suka yar. Ina son in karanta littafin da zai bi irin wannan yaron har ya girma a garin da kowa ya san labarinsa, ya nuna wa ya riƙe shi, wa ya hana 'yarsa aurensa, da kuma yadda uwar ta zaunar da shi ta faɗa masa gaskiya da bakinta kafin ya ji a waje. Marubutan da za su iya wannan suna nan cikin zaurukan WhatsApp ɗin nan, wasunsu ma a irin waɗannan garuruwan suka tashi, kuma sun san gidan da abin ya faru.